Awon fili da ƙiyasin kadara: wa ke biya, wa ke cin moriya?

Idan ana muhawarar kasafin kuɗi a majalisun jihohinmu, hankali kan tafi ne ga tituna da asibitoci da albashi. Da wuya ka ji ɗan majalisa ya miƙe yana tambayar nawa aka ware wa ofishin babban safiyo na jiha, ko sashen da ke ƙiyasta darajar gidaje da gonaki a ma'aikatar ƙasa. Alhali waɗannan ofisoshi biyu su ne ke riƙe da amsar tambayoyin da ke raba 'yan'uwa, su kai maƙwabta gaban alƙali: ina gonarka ta tsaya, ina ta wane ta fara, kuma nawa ce darajarta ranar da gwamnati ta ce tana bukatarta, ko ranar da ta ce a biya mata kuɗi a kanta.

Ayyukan biyu ne, ko da yake mutane kan haɗa su. Safiyo shi ne mai awo. Aikinsa ya fitar da girman fili da siffarsa da inda yake a doron ƙasa, ya kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, ya zana taswira ya sa hannu. Hukumar da ke yi wa safiyoyi rajista a Najeriya ita ce SURCON, wadda aka kafa da dokar soja a 1989. Mai ƙiyasi kuwa ba ruwansa da iyaka, shi kuɗi yake faɗa: wannan gida ko wannan gona nawa ta kai a yau. Su ma suna da hukumarsu, ESVARBON, tun 1975. Na farko yana amsa "ina?", na biyu yana amsa "nawa?", kuma na biyun ba ya tsayuwa sai a kan aikin na farko, domin ba a sa wa abu farashi alhali ba a san iyakarsa ba.

Dalilin da ya sa maganar kuɗin ke komawa kan gwamnatin jiha yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa. Dokar ta ɗora dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Abin da kai da ni muke da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda takardar shaidar mallaka, wato C of O, ke tabbatarwa. A birni gwamna ke bayarwa, a karkara ƙaramar hukuma na da ikon ba da haƙƙi irin na gargajiya. Sayarwa ko jinginar da filin da ke da takarda sai da amincewar gwamna. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun ɗora ƙasa a hannun hukuma. To, wanda ya ce shi ne mai riƙon amana, ai shi ya kamata ya san yawan abin da aka ba shi ajiya. A nan ne matsalar take: adadin da aka fi ambato tun zamanin kwamitin gyaran harkar ƙasa da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje shi ne cewa abin da aka yi wa rajista bai wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar Najeriya ba. Ko a 2024 ma'aikatar gidaje ta tarayya cewa take yi bai kai kashi 10 ba.

Kuɗin awo hawa-hawa ne, kuma ba a fahimtar rigimar sai an rarrabe su. Akwai hawa na farko wanda ba wanda ke gani: maƙallan awo da aka kafa a faɗin ƙasa, waɗanda kowane safiyo ke ɗaura aikinsa a kansu don taswirar Kano ta yi daidai da ta Katsina. Tushen lissafin da Najeriya ta daɗe tana amfani da shi a Minna yake, tun zamanin Turawa, yanzu kuma an ƙara da tashoshin da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam dare da rana ƙarƙashin ofishin babban safiyo na tarayya. Waɗannan tashoshi na bukatar wuta da intanet da mai kula da su. Babu wani mai fili ɗaya da zai biya wannan, kuma babu gwamnan da zai yanke ƙyalle a kansa a ɗauke shi hoto, shi ya sa shi ne abin da aka fi bari ya lalace. Sai hawa na biyu, hotunan sama da taswirar gari gaba ɗaya da rumbun ajiye bayanai. Sai na uku, awon fili ɗaya ɗaya.

Tsarin da muka gada ya ɗora hawa na uku kacokan a kan mai fili. Kai za ka nemi safiyo, ka biya shi, ka biya kuɗin takardar nema, kuɗin dubawa, kuɗin tsara gari, kuɗin rajista, kuɗin hatimi, kuɗin ƙasa na shekara, sannan ka yi ta zirga-zirga kana bin fayil daga tebur zuwa tebur. Safiyon ma ba laifinsa ba ne idan ya tsawwala. Zai ɗauko na'ura mai tsada wadda da dala aka sayo ta, ya zuba mai a mota, ya ɗauki yara biyu, ya tafi bayan gari saboda fuloti ɗaya ƙafa 50 da ƙafa 100. Gobe maƙwabcinka ya kira wani safiyon, a sake wannan tafiyar, a sake auna katangar da ke tsakaninku. Iyaka ɗaya, an biya kuɗinta sau biyu, kuma ba mamaki awon biyun su saɓa.

Talaka ya yi lissafinsa ya ga ba za ta fisshe shi ba, sai ya koma ga abin da Kanawa ke kira awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka fuloti-fuloti, a bar lungu wanda da ƙyar Keke Napep ke wucewa, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, shi ke nan. Unguwanni da yawa a gefen Kano da Kaduna da Zariya haka suka tashi. Ba makaranta, ba magudanar ruwa, ba filin asibiti, domin wanda ya yanka ba shi da dalilin barin ko taku ɗaya da bai sayar ba. Bayan shekara 15 gwamnatin da ta ƙi kashe kuɗin awo tun farko za ta zo fitar da titi, ta rushe gidaje, ta biya diyya ninkin-ba-ninkin abin da da ta kashe. Wannan asarar ba ta bayyana a kasafin ma'aikatar ƙasa, a kasafin ma'aikatar ayyuka take fitowa, shi ya sa ba a haɗa su a lissafi.

Ba za a ce gwamnatoci ba su zuba kuɗi ba. Sun zuba, sai dai a duba inda suka zuba. Abuja ta kafa hukumar adana bayanan filaye ta AGIS a 2003 lokacin Nasir El-Rufa'i na minista, aka mayar da fayilolin filaye cikin kwamfuta aka sabunta takardu. Nasarawa ta yi NAGIS, Kano ta yi KANGIS, Kaduna ta kafa KADGIS da dokar 2015, jihohi da dama suka bi sahu. An ɗauki hotunan sama, an sayi kwamfutoci, an gina ofisoshi masu sanyi. Amfanin a fili yake: fayil ba ya ɓata cikin sauƙi kamar da, bai wa mutum biyu fili ɗaya ya ƙara wuya. Amma abin da ya fi jan hankalin gwamnoni shi ne kuɗin shiga. Shi ya sa aikin kan fara daga unguwannin masu hali da manyan tituna da shagunan kasuwa, inda kuɗin ƙasa ke da tsoka, ya daɗe bai isa ƙauye ba.

Kuɗin waje ma ta wannan hanyar ya bi. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2018 da dala miliyan 750, ya riƙa ba jihohi tukuici ne idan sun cika wasu sharuɗɗa, kuma cikin sharuɗɗan da aka ƙara daga baya har da sabunta bayanan gidajen birane don a samu tushen karɓar harajin kadara. Shirin SABER da ya biyo baya a 2022, shi ma dala miliyan 750, ya sa gyaran harkar filaye cikin manyan ginshiƙansa, da nufin sauƙaƙa wa masu zuba jari. Duk abubuwa ne masu kyau. Sai dai ƙidaya gida don haraji daban, tabbatar wa mai gida iyakarsa daban. Ana iya ɗaukar hoton gidanka, a rubuta sunanka da lambar wayarka, a aiko maka da takardar biya, alhali ranar da maƙwabci ya ci maka taku uku wannan bayanin ba zai tsaya maka a kotu ba.

Wannan ma tsohon hali ne. A farkon mulkin Turawa a ƙasar Kano an yi tsarin taki, inda malamai ke bin gonaki suna auna su da taku don a yanka wa kowa haraji gwargwadon gonarsa. Manomi ya koyi darasi tun lokacin cewa mai awo ba alheri ya kawo ba. Har yau idan aka ga baƙi da na'ura mai ƙafa uku a bakin gona, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne ko dai haraji ko ƙwace. Duk shirin da bai lissafa kuɗin zama da dagatai da masu unguwanni da limamai don a warware wannan tsoro ba, ya bar babban gibi a kasafinsa.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. Maimakon a jira mutum ya kawo kansa, hukuma ce ke ɗaukar unguwa ko ƙauye sukutum. A buga hoton sama babba, ma'aikata su bi gida-gida, a kira mai gida da maƙwabtansa na gabas da yamma su nuna iyaka a gaban juna da gaban mai unguwa, a zana a kan hoton. Daga nan a liƙa taswirar da sunaye a bainar jama'a na wasu makonni, mai ƙorafi ya fito. Abin da ba a yi gardama a kai ba a ba shi takarda, mai rigima a ware shi gefe. Ruwanda ta yi haka tsakanin 2009 da 2013, ta auna filaye sama da miliyan 10, da matasan ƙauyuka da aka koya wa aikin cikin ɗan lokaci, kuma kuɗin kowane fili bai kai dala 10 ba. Birtaniya ce ta ɗauki kaso mai yawa na kuɗin. A Najeriya an gwada irinsa a Kano da Ondo ƙarƙashin kwamitin Mabogunje, da kuma tallafin wani shirin Birtaniya mai suna GEMS3. Arahar ba wani sihiri ba ne: tafiya ɗaya, hoto ɗaya, kowace iyaka a auna ta sau ɗaya.

Safiyoyi da yawa ba sa son wannan hanya, kuma suna da hujja. Layin da aka ja a kan hoto bai kai awon na'ura daidaito ba, kuma a tsakiyar Kantin Kwari, inda taku ɗaya ke da darajar miliyoyi, kuskuren rabin mita ba wasa ba ne. Amma gonar gero a Ɓaɓura ba ta bukatar irin wannan tsanani. Abin da mai ita ke so shi ne a rubuta cewa daga wannan gamba zuwa waccan aduwa tasa ce, kuma maƙwabta sun shaida. A ganina, nacewa a kan awo mafi tsada ga kowane fili shi ne ya bar mafi yawan filaye ba awo ko kaɗan. Ba zan ɓoye ba kuma, akwai maganar abinci a ciki: duk aikin da matashi mai sakandare zai iya yi bayan horon wata guda, ragi ne ga mai lasisi.

Ɓangaren ƙiyasi ya fi wannan sarƙaƙiya, domin a nan gwamnati na da fuska biyu. Ranar karɓar haraji tana son darajar gidanka ta hau. Ranar biyan diyya tana son ta sauka. Ma'aikatan da ke yin lissafin biyu kuwa sau da yawa a ofis ɗaya suke, albashinsu daga aljihu ɗaya.

Dubi yadda dokar 1978 ta tsara diyya. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka saboda amfanin jama'a. Sashe na 29 ya ce abin da za a biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar, ba ƙasar kanta ba. A kan fili tsura, abin da doka ta tanada shi ne kwatankwacin kuɗin ƙasar da ka biya a shekarar. A kan gini, kuɗin sake gina irinsa bayan an cire tsufansa. A kan amfanin gona da itatuwa, abin da jami'in da ya dace ya ƙayyade, jami'in nan kuwa shi ne babban jami'in filaye na jihar. Idan ba ka yarda ba, sashe na 30 ya tura ka kwamitin rabon filaye, wanda gwamna ne ke naɗa shi. Dokar har ta yi yunƙurin hana kotu duba yawan diyya, ko da yake sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin a biya shi ba da jinkiri ba da haƙƙin zuwa kotu. Ka ga mai karɓar filin shi ke kiɗansa shi ke rawarsa.

Ga yadda abin kan kasance a ƙasa. Ranar ƙidaya motoci za su tsaya a bakin gari, a fito da fom da jan fenti. Ana rubuta lamba a jikin katanga, wani na zagaya gona yana ƙirga itatuwa: mangwaro kaza, ɗorawa kaza, dalbejiya kaza, wannan babba, wannan matsakaici, wannan dashe ne. Dattijo zai matso ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗorawar fa ita ke yi mana kuɗin makarantar yara duk shekara." Jami'i ya ce, "Baba, ba ni na yanka ba, abin da ke cikin jadawali ke nan." Gaskiya ya faɗa. Jadawalin farashin amfanin gona da itatuwa da tarayya ke dogaro da shi an tsara shi ne a 2008, lokacin dala ba ta wuce naira 120 ba sosai, kuma sai a 2024 aka sabunta shi, bayan dala ta haura naira 1,500. Duk wanda aka sare wa mangwaro a tsakanin nan da tsohon farashi aka lissafa masa, in dai jiharsa ko mai aikin ba su yi nasu ƙarin ba. Sabunta jadawali aiki ne na bincike, sai an tura mutane kasuwanni da gonaki shiyya-shiyya, kuma kuɗin wannan binciken ne ba a warewa. Rashin ware shi kuwa riba ce ga baitulmali, shi ya sa ba mai gaggawa.

Doka ba ta hana mutanen gari ɗaukar nasu mai ƙiyasin ba, kuma a manyan ayyuka sukan yi. Amma da yake ba su da abin biyansa a hannu, sai a yi yarjejeniya ya yanki kaso daga diyyar idan ta fito. Mutumin da ake ganin an riga an tauye shi, shi ne kuma zai biya kuɗin kare kansa. A Ingila, idan hukuma ta karɓi kadarar mutum dole, kuɗin ƙwararren da ya ɗauka don ya yi masa lissafi na cikin abin da hukumar ke biya, muddin bai wuce hankali ba. Babu abin da zai hana jiha ta sa irin wannan a dokarta. A Kano akwai abin da ake kira kashe-mu-raba, inda idan gwamnati ta yanka gonaki ta mayar da su fulotai, masu gonakin kan samu wani kaso na fulotan a madadin kuɗi. Ya fi jadawali kusa da adalci, tunda darajar fulotin na tashi tare da garin, amma shi ma ya dogara ne da an auna gonar kowa daidai kafin a shafe iyakokin da buldoza. Bayan an shafe, sai dai rantsuwa.

A ɓangaren haraji kuma, tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje don karɓar kuɗin gida, amma ƙalilan ne ke da ko ma'aikacin ƙiyasi ɗaya. Legas ta haɗe kuɗaɗen wuri guda tun 2001 tana karɓa a matakin jiha, kuma da ta sabunta ƙiyasin a 2018 kuɗin ya yi tsalle har jama'a suka yi ca, dole ta rage. Haka abin yake idan aka bar ƙiyasi shekaru ba a taɓa ba sannan a zo a gyara rana ɗaya.

Karkara ce aka fi mantawa, kuma can ne rashin awo ke cin rai. Burtali da makiyaya da mashaya ba su da mai su ɗaya da zai je ya biya safiyo. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe wurare, an keɓe ɗaruruwa, amma kaso kaɗan aka kammala wa awo da shigarwa cikin gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Abin da ba a kafa masa dutse ba, kowace damina garma na ɗan gutsurarsa. Nijar ta bi wata hanya da dokar karkara ta 1993, ta kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin gunduma har ƙauye, inda sarakuna da manoma da makiyaya da ma'aikata ke zama tare, su shata burtali su ba da takardar shaidar gona. Inda kwamitocin suka samu kuɗi sun yi aiki, sai dai yawancin kuɗin daga ƙungiyoyin waje yake zuwa, kuma idan shirin ya ƙare babur ɗin kwamiti kan tsaya ba mai.

Wannan ce cutar da ke bin kusan duk shirye-shiryen. Kuɗin farawa na samuwa, daga bashi ko tallafi ko ɗan kwangilar da zai kafa na'urori ya riƙa yankar kaso. Kuɗin ci gaba ne babu. Abin da hukumar filaye ta tara yana shiga asusun bai-ɗaya na jiha, ita kuma ta koma layi tana jiran a sakar mata na man janareta da sabunta lasisin manhaja. Abin da majalisa ta amince da shi a takarda daban, abin da aka saki daban. Mafita mai sauƙi ita ce doka ta bar wa hukumar wani ƙayyadadden kaso na abin da ta tara, a rubuce, don kula da taswira da sabunta ƙiyasi duk bayan 'yan shekaru, a kuma raba ofishin ƙiyasin diyya da ofishin da ke karɓar filin.

Rajista kuma ba a gama ta. Mutum ya rasu, an raba gida tsakanin 'ya'ya takwas da mata biyu bisa ƙa'idar gado, fili ɗaya ya zama goma. Wani ya sayar da rabonsa, wata ta bar wa ƙaninta. Idan shigar da wannan sauyi na bukatar sabon awo da amincewar gwamna da kaso na darajar gidan, ba wanda zai je, kuma cikin shekara 20 rumbun da aka kashe biliyoyi a kansa zai cika da sunayen mamata. Ruwanda ma ta gamu da wannan bayan ta kammala nata aikin, domin kuɗin sauya suna ya yi wa masu ƙananan gonaki nauyi, da yawa suka koma cinikin baka. Kotunan shari'a da ke raba gado a Arewa kullum suna fitar da takardun da ke nuna wa ya samu me. Haɗa su da hukumar filaye, ta yadda hukuncin rabon gado zai wuce kai tsaye cikin rajista a kan kuɗi kaɗan, bai kai tsadar ɗaukar hoton sama na gari ɗaya ba.